Tsohuwar Misa da Sabuwa: Koken Masu Riƙon Gado a Cocin Katolika da Batun Iko, a Mahangar Dakoro ta Jihar Maradi

Tsakure

Tun daga 1969 da Paparoma Paul na 6 ya fitar da sabon tsarin Misa, wani ɓangare na mabiya ɗariƙar Katolika ke kokawa cewa an raba su da gadon ibadarsu, kuma hukumar da ta yi hakan ta wuce huruminta. Mafi yawan rubuce-rubucen da aka yi kan wannan saɓani daga Turai da Amurka suka fito. Wannan maƙala ta ɗauko koken ta auna shi da yanayin Dakoro da dayosis ɗin Maradi, inda Kiristoci suke 'yan tsiraru a tsakiyar Musulmi. Matsayin maƙalar shi ne, koken da ya shafi harshe da 'yancin addini ba shi da gindin zama a wannan yanki, koken da ya shafi natsuwa a ibada kuwa yana da nauyi, sannan tushen gardamar baki ɗaya shi ne wa ke da ikon taɓa tsarin ibada.

1.0 Gabatarwa

Dakoro tana arewa da Maradi da tazarar kimanin kilomita 120, a yankin da noman gero ke ja da baya kiwo ya karɓi fili. Hausawa manoma da Fulani da Buzaye makiyaya ke zaune a gundumar, kuma kusan dukkansu Musulmi ne, daidai da abin da ƙidayar 2012 ta nuna cewa fiye da kashi 99 cikin 100 na 'yan Nijar Musulmi ne. A tsarin Cocin Katolika, Dakoro tana ƙarƙashin dayosis ɗin Maradi, wanda aka yanko daga na Yamai a 2001, aka naɗa Ambroise Ouédraogo, ɗan Burkina Faso, bishop ɗinsa na farko. Dayosis ne mai faɗin gaske, domin ya haɗa jihohin Maradi da Tawa da Damagaram da Agadas da Difa.

Dalili biyu ya sa aka zaɓi wannan wuri. Na farko tarihi ne. Marcel Lefebvre, wanda ya zama jagoran masu adawa da sabon tsarin, shi ne wakilin Paparoma a ƙasashen Afirka renon Faransa daga 1948 zuwa 1959, kuma Nijar na cikin yankin da yake dubawa. Na biyu ya shafi dabarar nazari. Idan aka kai gardama wurin da ba a haife ta ba, a nan ake gane abin da yake na aƙida a cikinta da abin da tarihin wata ƙasa ya ɗora mata.

A wannan maƙala, masu riƙon gado na nufin Katolikan da suka fifita littafin Misa na 1962 a kan na Paul na 6. Ba tafiyarsu ɗaya ba. Akwai ƙungiyar firistoci ta Pius na 10 da Lefebvre ya kafa a 1970, wadda har yau ba ta da cikakken matsayi a dokar Coci. Akwai ƙungiyoyin da suka zauna ƙarƙashin Roma suna yin tsohuwar Misa da izini, irin su ƙungiyar firistoci ta Waliyyi Bitrus da aka kafa a 1988. Akwai kuma waɗanda suka karɓi sabon tsarin amma suke ganin an yi sakaci wajen aiwatar da shi.

2.0 Waiwaye kan Ra'ayoyin Magabata

Suka ta farko mai nauyi ta fito ne daga cikin fadar Batikan kanta. A Satumba 1969 Kadinal Alfredo Ottaviani da Kadinal Antonio Bacci suka miƙa wa Paul na 6 wani nazari da ke cewa sabon tsarin ya kauce wa fahimtar Misa a matsayin hadaya, kamar yadda Majalisar Trent ta zayyana a ƙarni na 16. Daga baya masanin tarihin ibada ɗan Jamus Klaus Gamber ya ƙarfafa wannan layi da hujjar cewa tsarin ibada tsirowa yake a hankali cikin ƙarnuka, alhali na 1969 kwamiti ne ya zauna ya tsara shi cikin 'yan shekaru.

Yves Congar, a littafin da ya rubuta kan rikicin Lefebvre a 1976, ya duba lamarin ta wata fuska. A ganinsa Latinanci tuta ce kawai, abin da ake ƙi a zahiri shi ne Majalisar Batikan ta Biyu da ikon da ya tabbatar da ita. Joseph Ratzinger ya tsaya a tsakiya. Ya yarda an yi gaggawa da ɓarna wajen aiwatarwa, amma a jawabinsa na 22 ga Disamba 2005, bayan ya zama Benedict na 16, ya ƙi karanta Majalisar a matsayin yankewa daga abin da ya gabata.

Masanan Afirka sun tunkari batun daga wata ƙofa dabam. Lamin Sanneh (1989) ya nuna cewa fassaruwa zuwa harsunan mutane ɗabi'a ce ta Kiristanci tun farkonsa. Elochukwu Uzukwu (1997) ya yi nazarin rawar da jiki da motsi ke takawa a ibadar Afirka. Jean-Marc Ela da René Jaouen, waɗanda suka yi aiki a arewacin Kamaru, sun tambayi dalilin da zai sa manoman gero su yi ibada da alkamar da ba sa nomawa. Game da Maradi kuwa, babban aikin da aka sani shi ne na Barbara Cooper (2006), amma kan Kiristocin da suka fito daga mishan ɗin SIM ya tsaya. Rukunin farko na waɗannan masana bai dubi Sahel ba, na biyun kuma bai zauna ya saurari koken masu riƙon gado da gaske ba. Tsakanin nan wannan maƙala ta shiga.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar ƙwanƙwance takardu. An karanta dokokin ibada da fadar Batikan ta fitar daga 1963 zuwa 2023, aka ware manyan ƙorafe-ƙorafen masu riƙon gado, sannan aka gwada kowanne da abubuwa uku da aka sani game da yankin: yawan harsuna, ƙarancin firistoci, da zama cikin rinjayen Musulmi. Inda aka kawo misali daga Musulunci, don fahimtar yanayin zamantakewa aka kawo shi, ba don daidaita aƙidun biyu ba.

4.0 Nazari

4.1 Abin da aka sauya da wanda ya ƙi

A tsohuwar Misa, wadda Pius na 5 ya daidaita a 1570, firist da jama'a wuri ɗaya suke fuskanta. Yana karanta addu'o'in da Latinanci, babbar addu'ar keɓe gurasa da ruwan inabi kuma a asirce yake yin ta, mai yi masa hidima a bagade ne ke amsawa a madadin jama'a. Mai karɓar tarayya yana durƙusawa a sa masa a harshe. A ranar 4 ga Disamba 1963 Majalisar Batikan ta Biyu ta zartar da kundin ibada mai suna Sacrosanctum Concilium da ƙuri'a 2,147, huɗu kacal suka ƙi. Kundin ya ce a riƙe Latinanci amma a buɗe wa harsunan jama'a ƙofa, ya nemi kowa ya shiga ibadar da saninsa da bakinsa, ya kuma ba da damar la'akari da al'adun ƙasashen mishan. Sabon littafin ya fara aiki a ranar 30 ga Nuwamba 1969. Nan da nan Latinanci ya kusa ɓacewa daga coci-coci, firist ya juyo yana fuskantar jama'a, abin da kundin 1963 bai ambata ba. Masu riƙon gado suna da gaskiya idan suka ce aiwatarwar ta zarce lafazin Majalisar.

Lefebvre ya yi aikin mishan a Gabon tun 1932, ya zama bishop a Dakar a 1947, babban bishop a 1955, ya bar kujerar a 1962. Bayan ya buɗe makarantar horar da firistoci a Écône ta ƙasar Suwizalan, aka dakatar da shi a 1976. A ranar 5 ga Mayu 1988 ya sa hannu kan yarjejeniyar sulhu da Kadinal Ratzinger, washegari ya janye, sannan a 30 ga Yuni ya naɗa bishop huɗu a Écône ba da izinin Paparoma ba. Abin lura shi ne inda 'yan Afirka ta Yamma suka tsaya a wannan rana. Takardar da ta ayyana fitarsa daga tarayyar Coci, Kadinal Bernardin Gantin ɗan Benin ne ya sa mata hannu. Hyacinthe Thiandoum, wanda Lefebvre da kansa ya naɗa firist a 1949 kuma ya gaje shi a Dakar, bai daina girmama shi da neman sulhu ba, amma bai bi shi ba. Cibiyoyin tsohuwar Misa da suka yi suna a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suna Libreville da Enugu da Umuaka ta jihar Imo, wato wuraren da Kiristoci suka yi rinjaye kuma aka daɗe ana Misa.

4.2 Harshe

Ƙarfin koken Latinanci a Faransa ko Ingila daga tunawa yake fitowa. Mutum ya ji kakarsa tana rera waƙar, da ita aka binne mahaifinsa, sai rana ɗaya aka ce an daina. A Nijar kuwa mishan ɗin Katolika na farko a Yamai an buɗe shi a 1931, dayosis ya samu a 1961 ƙarƙashin Bishop Hippolyte Berlier, kuma masu halartar Misa a lokacin yawancinsu Faransawa ne da ma'aikata 'yan Dahomey da Togo da Haute-Volta. Tsakanin 1931 da 1969 shekara arba'in ba ta cika ba. Bahaushe ko Bafulatanin gundumar Dakoro da ya zama Katolika bayan haka bai gaji Latinanci daga kowa ba, don haka ba a ƙwace masa komai ba.

Tarihin Coci ma bai goyi bayan ɗaukar harshe ɗaya a matsayin sharaɗi ba. Roma da Girkanci ta fara ibada, ba ta gama komawa Latinanci ba sai a ƙarni na 4, kuma Kiristocin Arewacin Afirka sun riga ta amfani da shi. Habasha da Ge'ez take yi. A ƙarni na 9 Roma ta amince wa Cyril da Methodius su yi da harshen Silabawa.

Duk da haka akwai hujja ɗaya ta masu riƙon gado da ta cancanci a tsaya a kanta. Suna cewa harshe ɗaya yana haɗa baƙo da ɗan gari. A dayosis ɗin Maradi, inda mabiya da yawa 'yan asalin Benin da Togo da Burkina Faso da Najeriya ne, matsalar gaskiya ce. Faransanci yana barin wanda bai je makaranta ba a waje, Hausa kuma tana iya barin sabon zuwa. Sai dai Latinanci kowa zai bari a waje. Abin da zai iya yi shi ne abin da sashe na 54 na kundin 1963 ya tanada, wato jama'a su iya rera 'yan gajerun sassan da ba sa sauyawa tare, sauran kuma a yi da harshen da ake ji.

Akwai ribar sabon tsarin da ba a cika ambata ba. Tsohon littafin zagayen shekara ɗaya yake da shi, kuma da wuya a karanta Tsohon Alkawari a ranar Lahadi. Sabon ya shimfiɗa karatun Lahadi a kan shekara uku, ya sa Tsohon Alkawari a mafi yawansu. A ƙasar da sunayen Ibrahim da Yusufu da Musa da Dauda suke a kowane gida, Kiristan da ya ji labarinsu a coci da Hausa ya samu abin da zai zanta da maƙwabcinsa. Littafi Mai Tsarki cikakke ya samu da Hausa tun 1932 ta hannun 'yan mishan na Furotesta, gyaran 1969 ne ya ba Katolika damar jin irin wannan karatu daga bagade a matsayin ɓangaren Misar kanta.

4.3 Lahadin da babu firist

A ƙauyukan Sahel, tambayar da ke gaban ƙaramar jama'ar Katolika ita ce ko firist zai iso a wannan wata. Idan bai iso ba, katikis ne ke jan ragama. Akan taru a ɗaki ko a rumfar zana, a shimfiɗa tabarmi, a lulluɓe ɗan tebur da farin ƙyalle, a ɗora gicciye da kyandir. Katikis ya buɗe da addu'a, a karanta nassosin ranar, ya yi bayani, a yi roƙo saboda damina da marasa lafiya da shugabanni. Ba ya zama a kujerar firist, ba ya kuma karanta addu'ar keɓewa, domin wannan ba huruminsa ba ne. Idan firist ya bar tsarkakakkiyar gurasa kuma bishop ya ba da izini, sai ya raba. Fadar Batikan ta fitar da ƙa'idojin irin wannan taro a ranar 2 ga Yuni 1988, makonni huɗu kafin naɗin Écône.

Masu riƙon gado suna ganin barin wanda ba firist ba ya taɓa tsarkakakkiyar gurasa yana dushe bambancin firist da sauran jama'a. A birnin da firistoci suka wadata, ƙorafin yana da ma'ana. A wuri irin gundumar Dakoro, hana shi na nufin jama'a su yi watanni ba su karɓi tarayya ba. A 2021 Paparoma Francis ya fitar da dokoki biyu a tsakanin wata biyu: Antiquum ministerium a Mayu, wadda ta mayar da aikin katikis hidima tabbatacciya da bishop ke naɗawa, da Traditionis custodes a Yuli, wadda ta taƙaita tsohuwar Misa. Ta biyun ce ta cika jaridun Turai, amma ta farkon ce ta taɓa rayuwar cocin Sahel.

4.4 Natsuwa da alƙibla

A nan ne koken masu riƙon gado ya fi samun ƙasa mai karɓarsa. Kiristan Dakoro yana zaune cikin mutanen da ke alwala, su cire takalmi, su daidaita sahu bayan limamin da ya fuskanci inda suka fuskanta, su yi salla da lafazin da babu mai sauya shi don son ransa. Da wannan ma'auni maƙwabta ke auna ko mutum ya ɗauki ibadarsa da gaske. Ƙasar Hausa ta kuma san yadda ɗan motsi a ibada ke raba jama'a, kamar yadda saɓanin ƙabalu da sadalu ya nuna a tsakiyar ƙarni na 20. Saboda haka idan firist ya riƙa ƙara nasa a addu'a, ko sanarwa da tara kuɗi suka cinye lokacin shiru, ko amsa-kuwwa ta mayar da Misa tamkar taron biki, asarar ta fi girma a nan fiye da a Turai.

Manyan masu wannan gargaɗi a Roma 'yan Afirka ta Yamma ne. Kadinal Francis Arinze na Najeriya ya shugabanci ma'aikatar ibada daga 2002 zuwa 2008, kuma shi ya sa hannu kan Redemptionis Sacramentum ta 2004 da ta lissafa kurakuran da ake yi a Misa. Kadinal Robert Sarah na Gini, ƙasar da Musulmi suka yi rinjaye, ya riƙe ma'aikatar daga 2014 zuwa 2021. A Yuli 2016 a Landan ya yi kira ga firistoci su koma fuskantar gabas tare da jama'a, cikin 'yan kwanaki fadar Batikan ta bayyana cewa babu sabon umarni. A Turai an fassara kiran da juya wa jama'a baya. Mutumin Maradi ba zai fahimce shi haka ba, domin kullum yana ganin liman da mamu sun dubi gabas tare.

Sai dai natsuwa ba ta rataya ga littafin 1962 ba. Sufayen Keur Moussa a Senegal, waɗanda suka fito daga gidan Solesmes mai tsananin riƙon waƙar Gregori, sun ɗora zabura a kan kayan kiɗan kora tun shekarun 1960 ba tare da kwarjinin ibada ya ragu ba. Zumuntar Mata a coci-cocin arewacin Najeriya da tulu da ƙwarya suke rera waƙoƙin Hausa. Sashe na 119 na kundin 1963 ya yarda da irin wannan, sashe na 22 kuma ya hana kowa, ko da firist ne, ya ƙara ko ya rage wani abu a ibada da ikon kansa. Abin da masu riƙon gado ke kuka da shi a nan saɓa wa Majalisar ne, kuma a cikin dokarta maganinsa yake.

4.5 Gero da alkama

Iyakar da dokar Coci ta gindaya ba masu riƙon gado kaɗai ta tsayar ba. Dakoro ƙasar gero ce, ba a noman inabi, kuma giya abin ƙyama ce ga jama'ar gari. Hujjar Ela da Jaouen ta fi dacewa da nan fiye da ko'ina. Amma doka ta 924 ta kundin shari'ar Coci ta ce gurasar ta zama ta alkama zalla, abin shan kuma na inabi, takardar 2004 ta ƙara da cewa gurasar wani hatsi ba ta inganta ba. Masu son a zurfafa gyara sun nemi abu, hukuma ta hana, kuma ba su kafa nasu bagaden ba.

4.6 'Yancin addini

Rikicin Lefebvre da Roma bai tsaya ga Misa ba. A zauren Majalisar yana cikin jagororin da suka yi adawa da sanarwar 'yancin addini, Dignitatis humanae ta 7 ga Disamba 1965, kuma taron addu'ar zaman lafiya da John Paul na 2 ya kira shugabannin addinai a Assisi a ranar 27 ga Oktoba 1986 yana cikin abin da ya ingiza shi ga naɗin 1988. Matsayinsa shi ne gwamnati ta amince da addinin gaskiya, sauran kuma a jure musu gwargwadon buƙata.

Wannan ra'ayi an gina shi ne a kan zaton Katolika ne masu rinjaye. Idan aka ɗauki ƙa'idar aka miƙa wa masu rinjaye a Nijar, Kirista ne zai zama wanda ake jure wa. Kundin tsarin mulkin 2010, kafin a dakatar da shi a 2023, ya raba addini da gwamnati, kuma a kan irin wannan tanadi ƙananan coci-coci suka dogara. Bayan ƙone-ƙonen coci-coci a Damagaram a ranar 16 ga Janairu 2015 da Yamai washegari, abin da shugabannin Katolika suka riƙe shi ne koyarwar Nostra aetate ta 1965, wadda ta yi maganar Musulmi da girmamawa ta kuma nemi a fahimci juna. A waɗannan kwanaki akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu. Cocin da makarantunsa da asibitocinsa Musulmi suka fi cika su ba zai iya ɗaukar zaman tare a matsayin sassauci a aƙida ba. Duk wanda zai kawo tsohuwar Misa wannan yanki haɗe da ƙin waɗannan takardu biyu, ya kawo wa 'yan tsirarun abin da zai cuce su.

4.7 Wa ke da iko?

Hujjar shari'a da masu riƙon gado suka fi kawowa ita ce takardar Quo primum ta 1570, wadda ta ba da izinin amfani da littafin Pius na 5 har abada. Tarihi ya raunana ta. Clement na 8 ya gyara littafin a 1604, Urban na 8 a 1634, Pius na 12 ya sake tsarin Makon Tsarki a 1955, John na 23 ya ƙara sunan Yusufu a babbar addu'a a 1962. Littafin da suke karewa shi kansa gyararre ne da ikon da suke tuhuma.

Akwai hujja ta biyu da ta fi wannan ƙarfi. A ranar 7 ga Yuli 2007 Benedict na 16 ya ce ba a taɓa soke tsohon littafin ba, ya ba kowane firist damar amfani da shi. A ranar 16 ga Yuli 2021 Francis ya ce sababbin littattafan ne kaɗai tsarin addu'ar Roma, ya mayar da izini hannun bishop, ya hana yin tsohuwar Misa a cocin Ikklesiyar unguwa. A Fabrairu 2023 kuma aka ce ɗage wannan hani sai da yardar Roma. Cikin shekara 16 an buɗe, an rufe, an ba bishop iko, an karɓe wani sashe. Mai bi na da haƙƙin ya tambaya ko ibada ma ta shiga sahun sarki goma zamani goma. Hukumar da ke son a bi ta a kan ibada tana buƙatar ta nuna cewa ita ma a ɗaure take da abin da ta gada, kuma sauye-sauyen nan sun rage mata wannan kwarjini.

Amma yarda da nauyin tambayar bai halatta amsar Écône ba. Shekarar 1988 ta nuna hanya biyu. Bishop-bishop na Zaire, da Kadinal Joseph Malula a gaba, sun shafe fiye da shekara goma suna kai da komo da Roma kan tsarin Misa mai ɗauke da al'adunsu, suka karɓi gyare-gyaren da aka yi musu, aka amince a ranar 30 ga Afrilu. Bayan wata biyu Lefebvre ya ɗauki da hannunsa abin da aka ce ya jira. A Janairu 2024 ma, da bishop-bishop na Afirka suka ƙi aiwatar da sanarwar fadar Batikan mai suna Fiducia supplicans, Kadinal Fridolin Ambongo sai da ya je Roma ya daidaita lafazin matsayarsu da Paparoma kafin a fitar. Cocin Afirka yana da riƙo, yana kuma iya cewa a'a, amma daga cikin gida yake faɗa. Ga jama'ar da ba ta da yawa, wadda bishop ɗaya ke haɗa ta daga Birnin Ƙonni zuwa Difa, bagade biyu masu gaba da juna asara ce da ba za ta iya ɗauka ba.

Inda batun iko ya fi shafar masu ibada da Hausa shi ne fassara. Umarnin Liturgiam authenticam na 2001 ya tsananta bin lafazin Latinanci, ya kuma so harshe ɗaya ya kasance da fassara ɗaya ko da ya ratsa ƙasashe. Magnum principium ta 2017 ta mayar da babban nauyin ga majalisun bishop-bishop, Roma kuma ta tabbatar. Hausa tana ƙarƙashin majalisa biyu, ta Najeriya da ta Burkina da Nijar, da ƙa'idojin rubutu da suka ɗan bambanta, da kalmomin aro daga Ingilishi a kudu da Faransanci a arewa. Dayosis ɗin Maradi yana iyaka da na Sakkwato da na Katsina, wanda aka kafa a 2023 aka naɗa masa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Katsina. Katikis a gundumar Dakoro da takwaransa na Malumfashi harshe ɗaya suke wa'azi da shi, kuma jama'arsu na ƙetare iyakar don kasuwa da aure da ci-rani. Dokar 2017 ta ba majalisun biyu hurumin su zauna tare su daidaita matanin Misa da littafin karatu da jagoran taron Lahadi na Hausa, su aika Roma ta tabbatar.